Asalin Tsila da Danginta: Tarihin Yadda Aka Gano Zuriyar Tsutsotsi Masu Faɗi

Tungan Maje gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Zuba ta nufi Lakwaja. Ta wannan hanya tireloli ke gangarowa da shanu daga Arewa dare da rana. A dazuzzukan yankin akwai rugagen Fulani da makiyayar Paikon Kore, ga rafuka da fadamu ko'ina. Duk inda shanu da mutane da ruwa suka haɗu haka, akwai larurori uku da ba a rasawa. Mahauci yakan feɗe sa ya tarar hanta ta yi tauri, wasu tsutsotsi shimfiɗaɗɗu suna fitowa daga cikinta. Magidanci yakan ga wani farin abu mai motsi a bayan gidansa, ya ce tsila ta kama shi. Uwa takan lura ɗanta yana ƙarasa fitsari da jini, ta ce tsargiya ce.

Kowannensu yana ɗauka tasa larurar daban ce, amma masana halittu sun tabbatar halittun da ke kawo su 'yan zuriya ɗaya ne, zuriyar tsutsotsi masu faɗi. Gane wannan dangantaka ya ɗauki ɗan Adam fiye da shekara 2,000. Tarihin ya cancanci a ba da shi, domin duk lokacin da aka gyara kuskure wajen sanin asalin wata tsutsa, sai hanyar kare mutane da dabbobi daga gare ta ta buɗe.

Zamanin da ido kaɗai ke hukunci

Tsoffin Misirawa sun san tsutsar ciki. Takardar magani da ake kira Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ambace ta da magungunanta. Aristo, masanin Girka, ya kasa tsutsotsin cikin mutum gida uku: masu faɗi, masu jikin mulmule, da ƙanana. Bayan ƙarnoni, Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya kasa su huɗu a cikin Al-Ƙanun fi al-Ɗibb, ya siffanta masu faɗin da ƙwayar kabewa. Duk wanda ya taɓa ganin gaɓar tsila ya san siffar ta dace.

Sai dai likitocin wancan zamani sun gaji kuskure biyu. Da yawansu sun ɗauka kowace gaɓa tsutsa ce mai zaman kanta, wai haɗuwa suke yi su kama juna su zama doguwar igiya. Sannan sun yi imani cewa a cikin hanji tsutsa ke samuwa daga ruɓaɓɓen abinci da majina, ba uwa ba uba. Wanda ya yarda da haka ba zai taɓa tambayar ta ina tsutsa ta shigo ba. Iyakarsa ya ba da maganin wankin ciki, ya jira ta dawo.

Makiyaya sun fi likitoci kusantar gaskiya. A 1379 wani makiyayin tumaki a Faransa, Jean de Brie, ya rubuta wa sarkinsu littafin kiwo, ya ce ruɓewar hantar tumaki tana da alaƙa da wata ciyawa da suke ci a wurare masu danshi. Bai san dodon koɗi ne mai ɗauko cutar ba, amma ya nuna wurin da ya dace. Makiyayanmu ma sun daɗe da sanin cewa shanun da suka dawwama a fadama su suka fi ciwon hanta.

Aka fara jera su a littafi

A 1683 wani likitan Ingila, Edward Tyson, ya gano kan tsila a hanjin kare. Kafin nan ana ta gardama kan wane ɓangare ne kai, domin siririn ƙarshen da ake rainawa shi ne kan, ɗan mitsitsi, ga matsotsai huɗu da yake kama bangon hanji da su kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Daga wuyan da ke bayan wannan kai gaɓoɓi ke tsirowa ɗaya bayan ɗaya. Nan aka gane dalilin da ya sa mutum zai kasayar da tsila mai tsawon gaba biyu, bayan wata biyu ko uku ya sake ganinta: muddin kai yana maƙale, aiki bai ƙare ba. Shekara ɗaya bayan haka, Francesco Redi na Italiya ya fitar da littafi a kan halittun da ke rayuwa cikin wasu halittu, bayan ya feɗe dabbobi iri-iri.

A 1758 Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, wanda daga shi ake ƙirga sunayen dabbobi na kimiyya har yau. Shi ya raɗa wa tsutsar hanta Fasciola hepatica, ya kira tsilar mutum Taenia solium. Amma ya rasa inda zai ajiye tsila. Ganin yadda take tsiro gaɓa bayan gaɓa, sai ya jefa ta cikin dabbobi masu kama da tsirrai, kusa da dangin murjanin teku, ya raba ta da tsutsar hanta wadda ita ce 'yar uwarta ta jini.

Wani limamin coci a garin Quedlinburg na Jamus, Johann Goeze, shi ya zo da gyara mai muhimmanci a 1782. Ya lura manyan tsilolin mutum iri biyu ne. Ɗaya tana da rawanin ƙugiyoyi a kanta, ɗaya kuwa ba ta da su, ta kuma fi kauri da tsawo. Ya kira ta biyun saginata. Ita ce tsilar naman shanu, wadda muka fi sani a ƙasar Hausa. Tsawonta yakan kai mita 4 zuwa 10, da gaɓoɓi 1,000 zuwa 2,000, kowace gaɓa da ta nuna tana ɗauke da dubban ƙwayaye, tana kuma iya rarrafowa waje da kanta. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Ta fatarta take tsotse abin da mai masaukinta ya narkar.

A 1800 Johann Zeder ya kasa tsutsotsin ciki gida biyar, sannan Karl Rudolphi na Jami'ar Balin ya ba gidajen sunayen Latin a manyan littattafansa na 1808 zuwa 1819: Nematoidea masu jikin mulmule, irin macijin ciki, Acanthocephala masu ƙaya a kai, Trematoda, dangin tsutsar hanta, Cestoidea, dangin tsila, sai Cystica, wato ƙullutan ruwa da ake gani a cikin nama da hanta da huhu. Huɗu daga waɗannan sunaye suna raye har gobe. Na biyar ɗin kuwa shi ne babban kuskuren zamanin, kuma rushe shi ne ya sauya komai.

Gidan da aka rushe

Mahauta a ko'ina sun san waɗannan ƙullutai. Akwai ƙanana farare da ke ɓuya a naman kumatun sa da harshe da zuciya. Akwai jakar ruwa da ke reto a kitsen cikin akuya. Akwai manya da ke cika huhun raƙumi. Goeze ya riga ya lura cewa idan aka fasa ƙullutun, ɗan kan da ke ciki sak yake da kan tsila. Duk da haka, masana sun rasa amsa: halittar da ba ta da hanyar haihuwa, tana kulle a tsakiyar tsoka, daga ina ta fito? Rudolphi ya ce daga jikin dabbar take samuwa. Carl von Siebold ya ce tsila ce da ta yi ɓatan hanya, ta kumbura da ruwa.

Wani likita a garin Zittau, Friedrich Küchenmeister, ya ƙi yarda cewa Mahalicci zai bar halitta mai yawa haka ta zama ɓatacciya ba dalili. Ya ce ƙullutun jaririn tsila ne, yana jiran a ci naman da yake ciki. A 1851 ya ɗebo ƙullutai daga zomaye ya ciyar da yanyawa, bayan wani lokaci ya sami tsila a hanjinsu. A 1853 Siebold da kansa ya wallafa cewa ya ba karnuka abin da ke cikin manyan jakunkunan ruwa, ya sami wata 'yar mitsitsiyar tsila mai gaɓoɓi uku ko huɗu, wadda ake kira Echinococcus. A Beljiyam kuma Pierre van Beneden ya ba alade ƙwayayen tsilar mutum, naman ya cika da ƙullutai.

Saura a tabbatar a jikin mutum, kuma a nan tarihin ya yi baƙi. Küchenmeister ya cusa ƙullutan naman alade cikin abincin fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa, ya wallafa gwajin farko a 1855, ya maimaita a 1859. Bayan an kashe su ya buɗe hanjinsu ya tarar da tsiloli. Tun a lokacin aka yi tir da shi, kuma ya cancanci tir ɗin, domin hukuncin kisa bai tuɓe wa mutum mutuncinsa ba. A farkon shekarun 1860 Rudolf Leuckart ya ba maruƙa gaɓoɓin saginata, ƙullutai suka bayyana a namansu. A 1869 wani likitan sojan Birtaniya a Indiya mai suna Oliver ya nuna cewa cin irin wannan nama ne ke sa mutum tsila.

Da haka gidan Cystica ya faɗi, aka mayar da 'ya'yansa wurin iyayensu. Daga wannan gyara na littafi aikin duba nama a mayanka ya sami tushe. Duk malamin dabbobin da ya tsaga kumatun sa da zuciyarsa kafin ya buga hatimi, ko a Dei-Dei ko a Gwagwalada ko a kwatar Kano, gadon waɗancan shekaru yake aiki da shi. Zagayen kuwa a fili yake: mai tsila ya yi bahaya a daji, saniya ta ci ciyawar, mutum ya ci tsire ko balangun da wuta ba ta ratsa ba.

Dodon koɗi ya shigo labari

Dangin tsutsar hanta sun fi wahalar da masana, domin 'ya'yansu ba sa kama da su ko kaɗan, har an ba wasunsu sunaye daban a matsayin ƙananan halittun ruwa. A 1842 Japetus Steenstrup na Denmak ya nuna cewa akwai halittun da jika ne ke kama da kaka, ɗa kuwa ya fita daban. Wannan ya buɗe ƙofa. Tsakanin 1881 da 1883 Leuckart a Jamus da Algernon Thomas a Ingila, kowa da kansa, suka bi tsutsar hanta tun daga ƙwai a kashin tunkiya, zuwa cikin dodon koɗi inda take hayayyafa, zuwa ganyen ciyawar da take maƙalewa tana jiran mai kiwo. Irin da ke addabar shanunmu ta fi ta Turai girma, takan kai santimita 7. Thomas Cobbold ya siffanta ta a 1855 daga hantar raƙumin dawa, ya kira ta Fasciola gigantica.

A 1851 wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana binciken gawa a asibitin Ƙasr al-Aini da ke Alƙahira, ya ga tsutsa a cikin jijiyar jini. Abin da ya ba shi mamaki shi ne namiji daban, mace daban, namijin yana rungume da macen a wani kwari na jikinsa, alhali sauran danginsu kowace ɗaya tana da gaɓoɓin maza da na mata a jiki guda. Wannan ita ce mai kawo tsargiya. A 1858 aka ware mata gidanta, Schistosoma. Bilharz ya rasu a 1862 yana da shekara 37. A 1910 Marc Ruffer ya sami ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin Misirawa da aka adana kimanin shekara 3,000.

Nan ma gardama ta tashi. Wasu ƙwayayen ƙayarsu a ƙarshe take, ana samunsu a fitsari. Wasu kuwa a gefe take, ana samunsu a bayan gida. A 1907 Louis Sambon ya ce jinsi biyu ne, ya kira na biyun mansoni. Arthur Looss, babban masani a Alƙahira, ya yi fatali da maganar, ya dage cewa jinsi ɗaya ne kuma ba ruwansa da dodon koɗi. Sai a 1915 Robert Leiper ya raba gardamar a Masar, bayan masanan Japan Miyairi da Suzuki sun gano dodon koɗin tasu tsargiyar a 1913. Leiper ya nuna jinsi biyu ne, kowanne da irin dodon koɗinsa, kuma ta fata suke shiga mai wanka ko mai wanki. Kama da wane ba ta wane.

Yadda ilimin ya iso ƙasar nan

Sashen kula da dabbobi na mulkin mallaka ya fara aiki a Zariya a 1913, aka kafa ɗakin bincike a Vom a 1924. A 1934 wani likita mai suna Ramsay ya wallafa bincike a kan tsargiya da sauran tsutsotsi a Arewacin Nijeriya. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tsangayarta ta likitancin dabbobi ta zama cibiyar wannan aiki. A shekarun 1970 Schillhorn van Veen ya bi diddigin tsutsar hantar shanu da dodon koɗinta a kewayen Zariya, daga damina zuwa rani. Wani masani mai suna Dada da abokan aikinsa sun zagaya mayankun Arewa suna ƙirga ƙullutai, suka tarar raƙuma sun fi sauran dabbobi ɗauke da manyan jakunkunan ruwa na tsilar kare. A ƙasar Malumfashi kuma Pugh da Gilles sun yi dogon nazari a kan tsargiyar fitsari, har da yadda ƙananan madatsun ruwa ke tara yara da dodon koɗi wuri guda.

Wannan ya zo daidai da zamanin manyan madatsu: Kainji a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978. Noman rani ya bunƙasa, amma magudanan ruwa sun zama gidajen dodon koɗi. Yau Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da tsargiya.

Sabon ma'auni

Tun 1859 Carl Gegenbaur ya tara tsila da tsutsar hanta da wasu tsutsotsin ruwa masu cin gashin kansu a babbar zuriya guda, Platyhelminthes. Madubin bincike mai aiki da lantarki ya ƙara haske a shekarun 1960, ya nuna cewa abin da ake ɗauka mataccen ɓawo ne a jikin tsila, fata ce rayayyiya mai tsotsar abinci. A 1985 Ulrich Ehlers ya lura cewa jariran tsila da na tsutsar hanta da na wasu danginsu masu maƙalewa a jikin kifi duk sukan yar da fatar haihuwa su yi sabuwa idan sun shiga mai masauki. Ya ce wannan shaida ce ta kaka ɗaya, ya kira su Neodermata. Binciken ƙwayoyin gado ya gaskata shi.

Yau an san jinsin tsila tsakanin 5,000 da 6,000, an kasa su rukuni 19 a babban aikin da Janine Caira da Kirsten Jensen suka jagoranta har 2017. Dangin tsutsar hanta sun kai kimanin 18,000. Kaɗan ne ƙwarai ke kama mutum. A 1993 aka ƙara jinsi na uku cikin manyan tsilolin mutum, Taenia asiatica. A 2001 kuma Eric Hoberg da abokan aikinsa a Amurka suka zo da abin da ya juya tsohon zato. Da an ɗauka daga shanu da aladu muka samo tsila bayan mun fara kiwo. Sai salsalar ta nuna cewa makusantan tsilolinmu su ne na zaki da kura, kuma sun shiga jikin mutanen farko a dazuzzukan Afirka tun da daɗewa kafin kiwo, lokacin da suke cin naman dawa ɗaya da namun dajin. Ashe mu muka kai wa shanu.

Amfanin sanin asali

Mai karatu zai iya cewa wannan duk hidimar 'yan boko ce. Sai ya duba magani. Ƙwayar da ake raba wa yara don macijin ciki ba abin dogaro ba ce a kan tsila, domin zuriyarsu daban. Praziquantel, wadda kamfanonin Bayer da Merck suka samar a shekarun 1970, tana kashe tsila tana kashe tsargiya, 'yan uwa biyu da magani ɗaya. Ita ce Cibiyar Carter ta fara rabawa a jihohin Filato da Nasarawa a ƙarshen shekarun 1990. Amma ba ta cin Fasciola, sai an nemi triclabendazole. Wanda bai san abin da ke cikin majinyaci ko saniya ba, kuɗi zai zubar a banza.

Bambancin da Goeze ya gani ya fi haka nauyi. Ƙwayayen tsilar shanu da na tsilar alade, wato mai rawanin ƙugiyoyin nan, ba sa rarrabuwa a madubin asibiti, sai an ga kai, ko an ƙirga rassan mahaifa a gaɓa: ta alade 7 zuwa 13 a kowane gefe, ta shanu 15 zuwa sama. Ƙwan tsilar shanu ba ya ƙyanƙyashewa ya zama ƙullutu a jikin mutum. Na tsilar alade yana yi, har cikin ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ke kawo kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a yankunan da tsutsar ta yi yawa. Wanda bai taɓa cin alade ba ma yana iya kamuwa, idan ƙwan ya biyo ta hannu marar wanki, ko ganye, ko ruwa. A 1992 an ba da rahoton haka a cikin iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York. A garuruwan Babban Birnin Tarayya, inda al'ummomi dabam-dabam ke cin kasuwa ɗaya suna shan ruwa ɗaya, masai da wankin hannu da sabulu kariya ce ta kowa da kowa. Haka nan jefa wa karnuka huhu da hanta masu jakar ruwa a bakin mayanka shuka cuta ne, domin a hanjin kare jaririn ke girma, ƙwansa ya dawo kan tumaki da raƙuma da yara.

Littafin kuma ba a rufe shi ba. A 2009 Tine Huyse da abokan aikinta suka sami tsargiya a jikin yaran Sanagal wadda gadonta gauraye ne, na tsargiyar mutum da na tsargiyar shanu. An sake ganin irinta a Nijar da Mali da Nijeriya, a 2013 kuma ta ɓulla a tsibirin Kosika na Faransa. Masana suna kan muhawara: auratayyar tana faruwa yanzu ne a tafkunan da yara da shanu ke tarayya, ko tsohuwa ce? Amsar za ta nuna ko maganin yaran makaranta ya isa, ko sai an haɗa da garke.

Irin wannan tambaya a ƙasarmu amsarta take. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da tsangayar likitancin dabbobi ta jami'ar ba su da nisa da Tungan Maje, kuma kowace safiya mayankun yankin suna zubar da abin da masanan duniya ke nema ruwa a jallo. Ya kamata jami'o'inmu su riƙa adana waɗannan tsutsotsi da sunan gari da ranar da aka same su, su bincika gadonsu a nan gida, su kuma zauna da Sarkin Fawa da Arɗo su ji abin da idonsu ya daɗe yana gani. Yawancin sunayen da ke cikin wannan tarihi na baƙi ne, alhali cutar a jikin 'ya'yanmu da dukiyarmu take. Babin da ke tafe, haƙƙinmu ne mu rubuta shi da hannunmu.